Gogen Turawa: Yadda Gwani Yake Ɗaukar Kiɗa Daga Hannun Gwani

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo tsakanin masu sana'a da malaman makaranta, ita ce: shin wanda ya fi kowa iya aiki shi ne ya fi kowa iya koyar da shi? In uba yana son ɗansa ya zama maɗinki, wajen wa ya kamata ya kai shi? Wajen telan da ya yi suna a gari, wanda ba ya samun sukunin ɗaga kai daga keke, ko kuwa wajen wani dattijo mai haƙuri wanda ba a san shi ba sai a cikin unguwarsu? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin yaro ƙuruciya ɗaya gare shi, in ta wuce ba ta komowa.

A wannan shafi za mu duba amsar da wannan tambaya ta samu a wata sana'a ta nesa da mu, wato kiɗan gogen Turawa, wanda ake kira biyolon da Faransanci. Za mu bi labarin Yehudi Menuhin, ɗaya daga cikin mashahuran makaɗan goge na ƙarni na 20, wanda ya yi karatu a hannun manyan gwanayen zamaninsa, ya sha daɗin abin, ya kuma ɗanɗani ɗacinsa, sa'an nan a ƙarshe ya gina makaranta domin na baya su huta da wahalar da ya sha.

Shi kansa gogen

Gogen Turawa ya samu siffar da aka san shi da ita a arewacin ƙasar Italiya cikin ƙarni na 16, musamman a garin Kiremona, inda gidan Amati suka fara yin suna wajen sassaƙa shi. A garin ne kuma aka yi Antoniyo Istradibari, wanda ya rasu a 1737, wanda har yau ba a daina neman gogunan da suka fito daga hannunsa ba. Ana haɗa goge ɗaya da gutsattsarin itace wajen 70. Tsawon cikinsa bai wuce santimita 36 ba. Tsarkiya huɗu gare shi, suna bi ta bisa jaki kamar yadda tsarkiyar gogenmu take bi. Izgar da ake goga shi da ita sanda ce mai tsawon santimita 75 ko kusa da haka, nauyinta wajen giram 60, an ɗaure mata gashin wutsiyar doki, ana shafa mata ƙaro domin ta kama tsarkiya. Wanda ya taɓa zama kusa da mai goge a Maraɗi ko Dogon Dutsi ya ga yana shafa wa izgarsa ƙaro kafin ya soma, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Wahalar wannan goge tana wuri biyu. Na farko, babu wata alama a wuyansa da za ta nuna wa yatsa inda zai sauka. Kunne ne kaɗai alƙali, kuma in yatsa ya kauce da faɗin ƙwayar gero, sauti ya ɓaci. Na biyu, hannun dama da hannun hagu kowane aikinsa daban. Hagu yana riƙe da wuya yana taka tsarkiya, dama yana jan izga, yana auna nauyinta da saurinta da kuma wurin da take taɓa tsarkiya. Shi kuwa gogen an maƙale shi tsakanin haɓa da kafaɗa, a wani irin zama da jikin ɗan Adam bai saba da shi ba. Mai koyo ba ya ganin kafaɗarsa, ba ya ganin gwiwar hannunsa, sau da yawa ma ba ya jin kuskurensa. Dole sai da wani a gefe mai ido da kunne, wanda zai ce masa: sassauta nan, ɗaga can. Shi ya sa ake soma koyo tun yaro yana ɗan shekara 4 ko 5, da ɗan ƙaramin goge daidai hannunsa, ana sake masa wani yayin da yake girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Salsalar malamai

Ko da yake Turawa sun daɗe da ƙago hanyar rubuta kiɗa a takarda, takarda ba ta ɗauke da kome da kome ba. Tana faɗin sautin da za a fitar da tsawonsa, amma ba ta iya faɗin yadda za a sa sautin ya taɓa zuciya. Wannan sai daga hannu zuwa hannu. Saboda haka makaɗan goge suna riƙe da salsalarsu kamar yadda almajiran ilimi suke ƙirga malamansu. Alal misali, Korelli na Italiya, wanda ya rasu a 1713, ya koyar da Somis. Somis ya koyar da Punyani. Punyani ya koyar da Biyotti. Biyotti ya koyar da Roberekts. Shi kuma ya koyar da Beriyo na ƙasar Beljik. Beriyo ya koyar da Biyetan. Biyetan ya koyar da Ejen Izayi. Izayi ya koyar da wani Ba'amurke mai suna Luwi Persinga. A hannun wannan Persinga ne yaron da muke magana a kansa ya faɗo. Wato daga Korelli zuwa Menuhin mutum goma ke nan, cikin shekara fiye da ɗari biyu, kowa ya karɓa daga na gabansa ya miƙa wa na bayansa.

Yaro da malaminsa na fari

An haifi Yehudi Menuhin ran 22 ga Afrilu 1916 a birnin Niyok na Amurka. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga daular Rasha, ba masu dukiya ba ne, ubansa malamin makaranta ne. Yana ƙarami suka koma San Faransisko. Can ne iyayen suke zuwa da shi sauraron babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin, ya riƙa zuba ido ga mutumin da ke zaune a kujerar farko ta masu goge, wato Persinga, har ya ce shi goge yake so, kuma wannan mutum ne zai koya masa. Da fari an kai shi wajen wani malami na daban wanda ya nuna masa riƙon goge, daga baya Persinga ya karɓe shi.

Persinga makaɗi ne na gaske, kullum yana kan dandali. Hanyarsa ta koyarwa ita ce ya ɗauki goge ya kaɗa, yaro ya saurara, ya kwaikwaya. Yaron kuwa Allah ya hore masa kunne da hannu irin wanda ba a cika samu ba: abin da ya ji sau ɗaya, yatsunsa su nemo shi da kansu. Ganin haka, malamin bai tsaya ɗora masa dogon horon yatsu mai gajiyarwa ba, ya bar shi ya shiga manyan kaɗe-kaɗe kai tsaye. Yana ɗan shekara 7 ya tsaya gaban jama'a ya kaɗa goge. Kowa ya ce ba a taɓa ganin irin wannan ba.

Abin da babba ya hango

Da yaron ya kai shekara 10, iyalin suka ƙetare teku zuwa Turai. Persinga ya ba da shawara a kai shi wajen malaminsa Izayi a birnin Burusel, wanda a lokacin ya tsufa, ciwo ya ci ƙarfinsa, amma sunansa bai dushe ba. Yaro ya ɗauki goge ya kaɗa wani sashe na kiɗan Lalo mai wuya, tsoho yana dafa masa da tsinkar tsarkiyar nasa gogen, ya kuma yaba. Sa'an nan sai ya roƙe shi wani abu mai sauƙi: ya hau matakan sauti tsallake-tsallake daga ƙasa har bisa, ya sauko, irin horon da ake ba kowane ɗan koyo. Nan fa yaro ya shiga lalube, yatsu suka rasa hanya. Menuhin da kansa ya ba da wannan labari a littafin tarihin rayuwarsa, ya ce tsohon ya yi masa nasiha da ya koma ya riƙe wannan horo da kyau.

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Izayi ya gane cewa ginin ya yi tsawo, ya yi kyau, amma tushensa bai yi zurfi ba. Yaron kuwa zuciyarsa tana wani wuri. Tun a San Faransisko ya taɓa jin wani makaɗi ɗan ƙasar Rumaniya, Jorj Enesko, kiɗansa ya shiga ransa, shi kaɗai yake so. Saboda haka bai zauna wajen Izayi ba, aka wuce Pari.

Enesko

Enesko, wanda aka haifa a 1881 ya rasu a 1955, mutum ne da ya tara baiwa da yawa: makaɗin goge ne, makaɗin piyano ne, madugun makaɗa ne, kana mai tsara kiɗa ne, kuma wannan na ƙarshe shi ne ya fi so a ransa. Ba ya neman almajirai, domin lokacinsa duk yana rabe tsakanin tafiye-tafiye da rubutu. Yaron ya tare shi bayan wani taron kiɗa ya ce yana son ya yi karatu a wajensa. Enesko ya ce gobe da sassafe zai yi tafiya. Yaro ya ce zai zo tun da asuba ya kaɗa masa yayin da yake ɗaurin kaya. Haka kuwa aka yi, ya ji shi, ya karɓe shi.

Darasin Enesko ya bambanta da na kowa. Yakan zauna ga piyano yana kaɗa rabon dukan ƙungiyar makaɗa da ka, yana rera rabon goge da baki ko da fito, yaro yana bi. Ba ya yawan maganar yadda za a riƙe izga ko inda za a sa yatsa. Abin da yake nunawa shi ne inda kiɗa yake numfashi, inda yake tambaya, inda yake ba da amsa, da abin da mai tsara shi yake nufi. Ƙarfin haddarsa kuwa abin mamaki ne. Menuhin ya ce wata rana a 1927 suna cikin darasi sai ga Moris Rabel, mashahurin mai tsara kiɗa na Faransa, ya shigo da sabon kiɗan goge da piyano da ya gama rubutawa, ya roƙi Enesko su gwada. Suka kaɗa shi sau ɗaya da takarda, sa'an nan Enesko ya rufe takardar, suka sake kaɗa shi tun daga fari har ƙarshe da ka.

A wannan shekara ta 1927 iyalin suka bi Enesko har garin Sinaya cikin duwatsun Rumaniya. Can yaron ya ji makaɗan goge na ƙauye, waɗanda ba su san rubutun kiɗa ba, suna fitar da abin da ya ba shi mamaki. Tun daga nan bai taɓa rena kiɗan gargajiya na kowace al'umma ba. Daga baya Enesko da kansa ya ga yaron yana bukatar wanda zai ɗaure shi da ƙa'ida, ya tura shi wajen Adolf Bush, Bajamushe, a birnin Bazel na ƙasar Suwis, inda ya yi karatu a 1929 da 1930. Wannan ma alamar malami na ƙwarai ce: ya san iyakar abin da yake iya bayarwa, bai riƙe almajiri don kishi ba.

Ɗaukaka tun da wuri

Cikin ɗan lokaci sunan yaron ya cika duniya. A watan Nuwamba 1927, yana ɗan shekara 11, ya kaɗa babban kiɗan goge na Betoben a zauren Karnegi na Niyok. A watan Afrilu 1929 ya tsaya a Barlin ya kaɗa manyan ayyuka uku a dare ɗaya, na Bak da Betoben da Brams, Buruno Walta yana jagorancin makaɗa. Wani attajiri, Henri Goldman, ya saya masa goge na hannun Istradibari wanda aka sassaƙa a 1733. A 1932, yana ɗan shekara 16, ya ɗauki faifan kiɗan Edwad Elga a Landan, shi tsohon mai shekara 75 yana jagorancin makaɗa da kansa. Har yau ana sauraron wannan faifai. A shekarar ce kuma shi da Enesko suka ɗauki kiɗan Bak na goge biyu, malami da almajiri kafaɗa da kafaɗa. A 1935 ya zagaya duniya, sa'an nan ya janye daga dandali fiye da shekara guda ya huta a Kalifoniya.

Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, ya yi wa sojojin ƙawance wasa fiye da sau 500, a bariki da asibiti da tsibirai masu nisa. A watan Yuli 1945, shi da Benjamin Biriten suka je suka kaɗa wa waɗanda suka tsira daga sansanin Bergen-Belsen. A 1947 ya koma Barlin ya yi wasa tare da madugu Furtwengila, abin da ya jawo masa zargi mai zafi daga ƴan uwansa Yahudawa da yawa, shi kuwa ya ce sulhu yake nema.

Ranar da hannu ya nemi dalili

Cikin waɗannan shekaru ne nasihar tsohon Burusel ta dawo. Yaro yana yin abu ba tare da ya tambayi kansa yadda yake yinsa ba. Babba kuwa dole wata rana ya yi tambaya, kuma ranar da ya yi ta, in babu amsa a ajiye, hannu sai ya soma shakka. Gajiyar tafiye-tafiyen yaƙi da damuwar gida suka haɗu, masu sauraro suka fara lura cewa wani dare kiɗan Menuhin ya kai inda ba mai kaiwa, wani dare kuwa izgar tana rawa a hannunsa, sauti yana kaucewa. Shi da kansa bai ɓoye ba. Ya bayyana cewa ya hau bene ne ba ta matakala ba, ga shi a sama, amma bai san hanyar da ta kawo shi ba, dole ya sauko ya gina matakalar ɗaya bayan ɗaya yana babba, alhali duniya tana kallonsa.

Ya shiga binciken kowane motsi: yadda kafaɗa take ɗaukar hannu, yadda nauyi yake sauka daga baya zuwa yatsa, yadda numfashi yake shafar jan izga. A 1952 ya ziyarci Indiya, ya haɗu da Iyengar, malamin motsa jiki irin na yoga, wanda ya koya masa yadda ake sassauta jijiya da daidaita tsayuwa. Menuhin ya riƙa kiran wannan mutum, wanda bai taɓa kaɗa goge ba, malaminsa na goge mafi kyau. A Indiya kuma ya ƙulla abota da Rabi Shankar, makaɗin sitar, har suka fitar da faifai tare a 1967. Abin da ya tattara cikin wannan dogon bincike ya zuba shi a wani littafi na darussa shida da ya fito a 1971, wanda ya soma da tsayuwa da numfashi tun kafin a taɓa goge.

Kada mai karatu ya ɗauka laifin Persinga ne ko na Enesko. Abin da suka ba shi, babu littafin da zai ba shi, kuma har ya mutu yana ambaton Enesko da girmamawar ɗa ga uba. Sai dai gwanin da abu ya zo masa da sauƙi yakan manta cewa abin yana da matakai, balle in almajirin ma irinsa ne. Kowa a cikinsu ya ga yaro yana gudu, ba wanda ya tsaya duba yadda yake taka ƙasa.

Waɗanda suka bar dandali don aji

A zamanin nan guda an yi wasu malamai da suka bi wata hanya. Iban Galamiyan, wanda aka haifa a Tabriz ta ƙasar Iran a 1903, ya yi karatu a Masko da Pari, ya bar wasa gaban jama'a tun yana saurayi ya duƙufa ga koyarwa. A Amurka ya koyar a makarantun Kurtis da Juliyad, ya kuma buɗe wata makarantar hutun bazara a 1944 inda almajirai suke yini suna horo. Ya rarraba aikin hannu dalla-dalla, kowace matsala da maganinta, ya rubuta hanyarsa a littafi a 1962. Daga ajinsa aka samu Itzak Perlman da Pinkas Zukerman da Kyung-wa Cung, dukansu manyan makaɗa.

A ƙasar Japan kuma Shinici Suzuki, wanda ya rayu daga 1898 zuwa 1998, ya lura cewa babu yaron da ya kasa koyon harshen uwarsa, domin yana jinsa kullum, ana maimaita masa, ana yaba masa. Ya ce haka ya kamata a koyi goge: a soma da kunne tun yaro yana ɗan shekara 3, uwa tana halartar darasi tana taya shi a gida, karatun takarda ya biyo baya. Daga garin Matsumoto hanyarsa ta bazu cikin ƙasashe da yawa.

Ashe ke nan koyarwa ita ma sana'a ce mai zaman kanta, tana da nata gwanaye. Wanda ya wuce ta makarantar horon malamai ya san cewa sanin lissafi daban, sanin yadda za a shigar da shi kan yaro ɗan shekara bakwai daban. Amma kuma almajirin da bai taɓa jin gwani na gaske kusa da kunnensa ba, bai san inda ake son ya kai ba.

Makarantar 1963

Menuhin ya ziyarci makarantar kiɗa ta yara da ke Masko, inda ake haɗa karatun boko da horon kiɗa a gida ɗaya tun daga ƙuruciya, abin ya burge shi. A 1963 ya buɗe tasa a Landan da yara 15, shekara ta gaba ta koma wani ƙauye a kudu maso yammacin birnin. Makarantar kwana ce, tana ɗaukar yara tun daga wajen shekara 8 har su kusa 19, daga ƙasashe dabam-dabam. Daga baya gwamnatin Ingila ta shiga taimaka wa iyayen da ba su da ƙarfin biya.

Tsarin makarantar shi ne amsar da Menuhin ya ba tambayarmu ta farko. Akwai malamai mazauna, waɗanda suke tare da yaro mako bayan mako, suna gyara riƙo da tsayuwa, suna sa shi hawa matakan sauti kowace safiya ko yana so ko ba ya so. Sa'an nan akwai manyan makaɗa masu zuwa lokaci lokaci, shi kansa Menuhin a cikinsu, su saurari yaro, su kaɗa masa, su buɗe masa ido ga abin da ke gaba. Wato ya haɗa abin da Izayi ya nema da abin da Enesko ya bayar a ƙarƙashin rufi ɗaya. Cikin waɗanda suka fito daga wannan gida akwai Naijel Kenedi, wanda faifansa na kiɗan Bibaldi na 1989 ya sayu fiye da miliyan biyu, da Tasmin Litil, da Nikola Benedetti.

Bai tsaya nan ba. Ya shugabanci majalisar kiɗa ta duniya da ke ƙarƙashin UNESCO daga 1969 zuwa 1975, a lokacinsa ne aka keɓe 1 ga Oktoba ta zama ranar kiɗa ta duniya. A 1977 ya kafa wata ƙungiya mai aika matasan makaɗa su yi wasa a asibitoci da gidajen tsofaffi da gidajen kaso, a 1983 kuma ya kafa gasar goge ta matasa. Ya rasu a Barlin ran 12 ga Maris 1999, aka rufe shi a harabar makarantarsa.

Abin lura gare mu

Mu ma muna da goge, ɗan uwan wancan na nesa: ƙwarya da fatar guza, tsarkiya ɗaya ta gashin doki, yatsu suna taɓa ta a gefe ba tare da sun danne ta ga sanda ba. Ƴan uwanmu Abzinawa suna da anzad, wanda mata suke kaɗawa, wanda UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam a 2013 da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. Duk waɗannan ta hanyar Persinga da Enesko ake koyonsu: yaro ya bi maigida, ya ɗauki kaya, ya yi amshi shekara da shekaru, kunne ya cika, ran nan a miƙa masa goge. Hanya ce mai albarka, ita ta haifi gwanayen da muke ji a rediyo. Rauninta ɗaya ne: duk ilimin yana cikin ƙirjin mutum guda, in ya faɗi ba magaji, an rufe shi da shi.

Mun kusa ganin haka da idonmu. Biram, kayan kiɗan masunta Buduma na tafkin Cadi mai tsarkiya biyar da siffar jirgin ruwa, ya kai ga saura tsoho ɗaya da ya san shi sosai, Bukar Tar. A 2002 Malam Mamman Barka, haifaffen Teskar, wanda malamin lakol ne kafin ya yi suna da gurmi, ya samu tallafin UNESCO ya tafi ya zauna wajen tsohon, ya karɓi kiɗan daga hannunsa, ya kai shi har Turai. Shi ma Malam Barka ya rasu a 2018. Tambayar da ya karɓo daga bakin tafki tana nan tana jiran na baya.

Saboda haka kira ga hukumomin al'adu da na ilimi, da cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai, da gidajen samari na jihohi: a nemo tsofaffin gwanaye tun suna da rai, a girmama su, a biya su haƙƙinsu, a zaunar da yara gabansu. A gefensu kuma a sa malami mai haƙuri wanda zai tambayi gwani yadda yake yi, ya rarraba abin mataki mataki, ya ɗauki sauti, ya rubuta da harsunanmu. Waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci suna da rabo a wannan aiki, domin alƙalamin da ya iya rubuta wasiƙa ya iya rubuta sunayen kaɗe-kaɗen garinsu, da na waɗanda suka kaɗa su, da wanda ya koya wa wane. Ga iyaye kuma: in Allah ya ba ɗanku baiwa, a kowace sana'a ce, kada tafin jama'a ya sa ku ɗauke masa wahalar tushe. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu malamai na ƙwarai, ya ba yaranmu haƙurin zama gabansu, amin.